Ranar da aka saka hoton kawuna a zauren garinmu

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana da na garinmu, ya isa a ce muna ƙasar Daura, ta wajen Baure, kusa da iyaka. A lokacin da abin nan ya same ni ni dillalin dabbobi ne a kara, ina da mata da 'ya'ya, mahaifiyata kuma tana zaune a gidana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Bahaushe ne manomi. Inna Bafulatana ce, daga rugar da ke arewa da gari aka auro ta. Na tashi ina kwana nan ina kwana can, ina jin Hausa ina jin Fillanci, kuma ba wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce in faɗi ko ni wane ne. Sana'ata ma a kan haka ta tsayu, domin manomi ya yarda da ni, makiyayi ma ya yarda da ni.

Matasan garinmu sun buɗe wani zaure a waya don sanarwar suna da jana'iza da gyaran famfo. Wanda ke riƙe da shi abokina ne tun muna makarantar allo. Da farko abin gwanin sha'awa. Sai hotunan ta'asar 'yan bindiga daga wasu yankuna suka fara shigowa, kuma duk mai imani in ya gani sai ransa ya ɓaci, ni ma nawa ya ɓaci. Daga nan wasu 'yan tsiraru suka karɓe zancen. Kullum sai sun saki murya suna cewa Fulani duk ɗaya ne, kada a sayi nononsu, kada a bar su su shayar a rijiyoyinmu, kada a sake haɗa aure da su. Mafi zafinsu ma ba a garin yake zaune ba, yana can wani birni yana aiko mana da wuta. A garinmu kuwa ko kaza ba a taɓa sacewa da bindiga ba.

Wata safiya na buɗe waya sai na ga hoton kawuna, ƙanin Inna, yana shayar da shanunsa a bakin rijiya. An rubuta a ƙasa wai ga ɗan leƙen asirin ɓarayi, a kula da shi. Dattijon da ya goya ni a kafaɗa, wanda rabin masu zauren sun sha fura a ƙofar bukkarsa. Nan take na ɗauki murya, na ce wannan kawuna ne, kowa ya san shi. Na ce mai laifi yana da suna, a kama shi da sunansa, amma in har zama Bafulatani ne laifin, to ni ma jininsu ne. Kafin azahar an yanke maganar, an bar wurin da na ce ni ma jininsu ne, an haɗa da hotona an watsa har zaurukan da ban san da su ba.

Na je na sami abokin nawa a shagonsa, na roƙe shi ya goge hoton, ya tsawata wa masu yi. Bai ko ɗago kai sosai ba ya ce, "Kowa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa, ni ba zan toshe bakin kowa ba." Na ce, "To ni nawa ra'ayin fa?" Ya ce nawa yana tayar da hankalin jama'a. Kafin in kai gida an cire ni daga zauren.

Daga ranar sunana ya koma infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto. Ba wanda ya faɗa mini ido da ido, amma na ga alama ko'ina. In na shiga sahu a masallaci sai a bar tazara tsakanina da na kusa da ni. Manoma suka daina ba ni dabba. Abin da ya fi ci mini rai, makiyaya ma suka janye, wani daga cikinsu ya ce mini tsayawa kusa da ni yanzu haɗari ne, kuma ko ba komai ubana ba nasu ba ne. Mai gari ya tara mutane, liman ya yi nasiha mai ratsa jiki, kowa ya ce amin. Ana tashi aka koma kan waya.

Sai ranar wata kasuwa, akuyar wani ta ɓace. Kawu ya shigo gari sayen kanwa. Wani yaro da bai taɓa magana da shi ba ya gane fuskarsa daga hoton, ya ɗaga murya ya ce ga shi nan. Ina can ƙarshen kara na ji ihu. Ko da na kutsa na isa, yana ƙasa, rawaninsa ya warware cikin jini, mutane kuma suna ɗauka a waya. Na kwanta a kansa, ni ma na sha nawa rabon, har wasu dattawa suka raba. Muka kai shi asibiti a Daura. Ya rayu, amma idonsa na hagu ya tafi. Akuyar kuwa da la'asar ta dawo gida da kanta. Ba wanda ya saka wannan a zaure.

Da ya ji sauƙi ya zo yi wa Inna sallama. Bai zagi kowa ba. Ya dai ce mata a nan aka binne iyayensu, amma ba zai zauna inda jikokinsa za su riƙa tsoron zuwa kasuwa ba. Rugar gaba ɗaya ta tashi ta ƙetare iyaka. Yanzu wurin gona ce.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, ashe da saura. Wata rana 'yata ta dawo daga makaranta, Inna ta yi mata sannu da Fillanci kamar kullum, yarinyar ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zo ta raɓe a jikina ta ce, "Baba, ka ce wa kaka ta daina yi mini wannan yaren, a makaranta ana ce mini jikar ɓarayi." Inna tana zaune tana tsince wake, ta ji komai. Ta ci gaba da tsince wakenta. Tun daga ranar ban sake jin kalma ɗaya ta Fillanci a bakinta ba, ko da mu biyu ne a ɗaki. In na yi mata, da Hausa take amsawa.

Ba zan ce muku abubuwa sun gyaru ba. Na bar kara, ina ɗan noma. Zauren yana nan, kwanaki ma na ji sun koma kan Buzayen da ke gadi a kasuwa. Abin da na fahimta shi ne masu irin wannan magana ba su da yawa, amma masu karantawa su yi shiru su ne gari guda, kuma mai 'yancin zagi ba ya yarda da 'yancin mai cewa a bari. Ban hana kowa kuka a kan zaluncin da aka yi masa ba, ni ma ina yi. Amma ina roƙon duk wanda aka turo wa hoton wani da sunan ƙabilarsa, kafin ya tura gaba ya tuna cewa mutumin nan zai shiga kasuwa wata rana, kuma akwai wanda zai gane fuskarsa. Wanda ya ɗauki hoton kawu bai taɓa shi ko da yatsa ba. Har yau muna haɗuwa a masallaci, yana miƙo mini hannu.