Maɓalli Mai Laushi

Mai shagon kayan kwamfuta ya kasa ɗauke ido daga dattijon da ke tsaye gaban kanta. Rigarsa ta sha guga, amma ta yi masa yawa, alamar ya sha jinya. Hannunsa na dama yana cikin aljihu tun shigowarsa.

Yana neman 'yar na'urar da ke haɗa kwamfuta biyu da kibod ɗaya da linzami ɗaya. Guda biyu ne a gabansa, yana jujjuya su da hagu.

"Ɗana, wacce ce maɓallinta ya fi laushi? Gobe zan koma ofis, za a duba ko har yanzu ina iya aikin."

Mai shagon ya jona ɗaya. "Gwada wannan, Baba."

Sai dattijon ya zaro hannun daman. Yatsun a ƙage suke. Ya danna, shiru. Gumi yana tsattsafo masa a goshi. Wataƙila da yatsun nan ya yi shekaru yana ciyar da iyali. Mai shagon ya miƙa hannu zai taimaka, ya fasa.

Dattijon ya sake dannawa. 'Yar fitilar da ke jikin na'urar ta koma kan kwamfuta ta biyu.

Dattijon bai yi murmushi ba.

"Bari in sake," in ji shi. "Kada ya zamana sa'a ce."