Goggo Halo Ta Gwada Layi

A benen nan mai hawa huɗu, tun daga mai gadi har mai kwasar shara, Goggo Halo kowa ke ce mata. Ba ta taɓa hanawa ba, don da guminta ta sami sunan. Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin haɗa waya na wani babban asibiti, wani ɗan tsukukun ɗaki a ƙarƙashin matattakala wanda ko taga babu. Gabanta allo ne mai ramuka sama da ɗari biyu, kowane rami da 'yar fitilarsa, ga igiyoyi masu kan ƙarfe jere a kan tebur. Fitila ta kama, ta soka igiya, ta ce, "Halo, asibiti," ta ji wanda ake nema, ta soka ɗaya kan igiyar a raminsa. Aikin ke nan in a baki ne. Amma je ka zauna a kujerar ranar da mota ta kife da mutum ashirin, fitila takwas na ƙiftawa lokaci guda, likitan ƙashi kuma ya sulale shan shayi, sai ka ba da labari.

Ita ta san inda yake shan shayin, ta kuma san lambar wurin. Duk lambobin asibitin a ka take riƙe da su, ba ta taɓa buɗe littafi ba. Manyan likitoci da ke daka wa kowa tsawa, in suka zo kanta sai su sassauta murya, don sun san in ta ga dama sai mutum ya yini riƙe da waya yana jin ƙugi. Mijinta ma a layin ta same shi. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ne, ya ɗauki ɗabi'ar kira ba gaira ba dalili, har ranar da ta ce masa, "Malam, in ba ka ɗauko kowa ba, sauka mini daga layi." Ya sauka, ya biyo ta ƙofa. Suka haifi 'ya'ya biyu, suka kama gidan nan na hawa na uku, suka zauna lafiya har rasuwarsa shekara tara da suka wuce.

Ranar da aka kawo na'urar da ta gaje ta, aka yi mata ɗan taro, aka ba ta agogon bango, aka yi ta jawabi. Ta karɓi agogon, ta yi godiya, ta tako gida. Ta ji ciwon abin ƙwarai, amma ba wanda ya ga hawayenta. Tun daga ranar kujerarta ta koma bakin tagar falo, inda ake hango titi tun daga shagon mai gyaran babur har tashar bas. Ba abin da zai wuce a titin nan bai bi ta idonta ba.

To, bana ta cika saba'in da shida, kuma wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki. Ba ta karye ba, amma tashi ya gagara. Wayarta na falo a caji. Tun bayan karin kumallo take kwance a jiƙe har bayan azahar, sannan maƙwabciyarta mai ɗinki ta ji ana buga kofi a jikin bututun ruwa, ta kira mai gadi aka ɓalle ƙofa.

Kwana uku bayan nan 'ya'yanta suka yi mata taro a falonta. Babbar, shugabar wata makarantar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, har uwar da ta haife ta. Ta saba in ta yi magana yara ɗari shida su yi tsit.

"Inna, na gyara miki ɗaki," in ji Malama. "A ƙasa yake, ba matattakala ko ɗaya."

"Na gan shi. Tagarsa na kallon katangar maƙwabta."

"To me za ki yi da taga, Inna?"

"Abin da kike yi da ƙararrawar makaranta."

"Don Allah ki bar wasa. Da mai ɗinkin nan ta je kasuwa ranar fa?"

Goggo Halo ta ɗaure fuska ta ce, "Ba inda za ni. A nan ubanku ya bar ni, a nan za ku same ni."

Auta, wanda tun yana ƙarami aikinsa ke nan, shiga tsakanin mata biyun nan, ya ce akwai wata lasifika da ake yi wa magana ta amsa. In an haɗa ta da waifai ɗin gidan, ko daga ina Inna ta ɗaga murya ta ce a kira wance, za ta kira, ba sai an taɓa komai ba. Malama ta taɓe baki. Ta ce ta ji, amma da sharaɗi: ranar Asabar za ta zo da mota. In abin na aiki, ta yi shiru. In ba ya aiki, Inna ta shiga mota ba musu.

"Na yarda," in ji Goggo Halo, don ta ɗauka abin wasa ne.

Ranar Laraba Auta ya zo da lasifikar a kwali, 'yar dunƙulalliya, ba ta fi gwangwanin madara ba. Ya sa manhajarta a wayar uwarsa, ya shigar da lambarsa da ta Malama, ya jona ta a wuta. Fitila ruwan lemo ta fara zagaye kanta. Ta zagaya, ta zagaya, sannan wata muryar mace mai sanyi ta ce ba ta iya shiga intanet ba. Ya cire, ya mayar. Ya kashe waya, ya kunna. Awa biyu yana fama, gumi ya jiƙa masa riga, matar nan kuwa ko gajiya da ba da haƙuri ba ta yi.

"Inna, ina jin lalatacciya suka ba ni," ya ce. "Ga shi gobe da sassafe za a tura mu aiki wani gari. Ki bari in na dawo mako mai zuwa in canzo ta."

"Asabar ɗin yayarka a mako mai zuwa take?"

Ya sosa ƙeya, ya fita. Ko awa ba a yi ba sai ga wayar Malama, murya har da tausayi. "Inna, na ji abin bai yiwu ba. Ba komai, ki fara ware kayan da kike so."

Wannan "ba komai" ɗin shi ya tunzura ta. Ita, da ta yi shekara talatin da ɗaya tana haɗa mutum da mutum, a ce wai haɗa gwangwani da akwati ne zai fitar da ita daga gidanta? Ta ajiye wayar, ta dubi lasifikar, ta ce, "Ni da ke ne, yarinya."

Ranar Alhamis da hantsi ta sa tabarau biyu, ɗaya kan ɗaya, ta fara yadda aka koya mata tun tana budurwa: in layi ya ƙi, ba a zargin na can nesa, daga bango ake farawa. Ta bi wayar da ta shigo ta saman ƙofa da ido har akwatin intanet da Auta ya girka mata bara a kan kabad. Fitilunsa duk kore. To, layi ya shigo gida ke nan. Ta sauko da akwatin, ta share ƙurarsa da gefen zani, ta kifa shi. A ƙasansa akwai 'yar takarda manne, da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Suna biyu ne a jiki, iri ɗaya sak, sai dai ɗaya ya ƙare da biyu, ɗaya da biyar.

Ta sake karantawa. Akwati ɗaya, layi biyu. Ta ɗauko 'yar takardar da ta zo cikin kwalin lasifikar, wadda Auta ko warware ta bai yi ba, ta bi ta layi-layi da yatsa. Can ƙasa, inda ba wanda ke karantawa, aka ce wannan lasifikar layin farko, mai ƙarewa da biyu, kaɗai take hawa. Ta duba wayarta, ta ga a kan mai biyar ɗin Auta ya ɗora ta, don ta tuna yana cewa shi ya fi gudu.

"Gudu kawai kuka sani," ta ce, har da tsaki. "Kana ta soka igiya a ramin da ba kowa."

Ta mayar da wayar kan layin farko. Sai aka nemi lambar sirri, haruffa da lambobi goma sha huɗu a cakuɗe. Sau ɗaya ta karanta su a ƙasan akwatin suka zauna mata a ka daram. Kai bai tsufa ba. Hannun ne matsalar. Yatsun da a da ke soka igiya takwas kafin ka ƙifta ido, yanzu rawa suke, ta nufi wannan harafi su sauka a kan maƙwabcinsa. Ta yi sau ɗaya, aka ce ba daidai ba. Sau uku. Sau biyar. A na shida ta ajiye wayar, ta dubi hannayenta, tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ko ranar da ta faɗi ba ta ji ba. Ta ga ɗakin nan na ƙasa, ta ga katangar, ta ga kanta zaune ana kawo mata abinci ana yi mata magana a hankali kamar mara lafiya.

Ta tashi ta sha ruwa. Ta dawo ta kwantar da wayar a kan tebur, ta kama wuyan hannun dama da na hagu ta danne, ta shiga dannawa ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowane harafi da ƙarfi kafin ta taɓa shi. Aka karɓa. Ta buɗe manhajar, ta sake yin haka don lasifikar. Fitila ruwan lemo ta zagaya sau biyu, ta koma shuɗiya, matar nan ta ce ta shirya.

"Da ma ai ba ki da laifi," in ji Goggo Halo. Ta tambaye ta ƙarfe nawa, ta faɗa, daidai da agogon bango.

Da wata ce, a nan za ta tsaya ta kira 'ya'yanta ta yi musu gori. Ita kuwa ba ta gaya wa kowa ba, don a wajenta ba a gama ba. A asibiti, in an ja sabon layi zuwa ɗakin tiyata, ba daga allo take gwada shi ba. Takawa take har ɗakin, ta tsaya inda mai kira zai tsaya, ta ɗauki kan wayar da kanta.

Saboda haka ranar Juma'a da safe ta ɗora lasifikar a kan ɗan benci a lungun da ke tsakanin falo da banɗaki. Ta shiga, ta tura ƙofa rabi, ta kunna famfo yadda yake zuba a wancan ranar. Sannan ta dafa bakin abin wanke hannu, ta durƙusa a hankali, ta kwanta a ƙasa, daidai inda ta faɗi.

Ta ce a kira Malama. Shiru, sai ƙarar ruwa. Ta ja numfashi, ta fito da tsohuwar muryar aiki, wadda ke fitowa daga ƙirji, ta sake faɗa. Sai ga ƙarar kira ta cika lungun.

"Inna? Lafiya? Ina cikin taron malamai."

"Kina ji na?"

"Ina ji. Ta lasifikar nan kika kira? Auta ya fasa tafiyar ne?"

"Auta na can inda yake. Ni na haɗa. Kina ji na ras, ko da ƙugi?"

"Ras, Inna. Ke kika haɗa? Wannan ƙarar ruwan fa?"

Goggo Halo ta yi murmushi, ta dafa ƙasa za ta tashi. Gwiwa ta ƙi. Ta juya ɗaya gefen, ta miƙa hannu ga abin wanke hannun, ya yi mata nisa da kamar taki ɗaya. Ta sake yunƙurawa, ƙugu ya amsa mata da wani irin suka har sai da ta cije leɓe.

Tana iya cewa sai an jima, ta kashe, ta nemi mai ɗinki a ɓoye, Malama ba za ta taɓa sani ba. Ta yi tunanin haka, kuma ta so ta yi. Amma in ta ɓoye yau, to ƙarya ta haɗa, ba layi ba. Maganar ta yi mata nauyi a baki fiye da duk wadda ta taɓa faɗa wa 'yarta.

"Malama, ina ƙasan banɗaki. Ba faɗuwa na yi ba, ni na kwanta da kaina. Zo ki ɗaga ni."

Ba ta ji amsa ba, sai ƙarar kujera da ta kife. Ta kwanta tana sauraron famfo. Can ta ji ana hawowa matattakala da gudu, ta ji makulli na neman rami, sai ga Malama a bakin ƙofa, takalma a hannu, ɗankwali ya zame, tana haki. Ta kashe famfon, ta durƙusa cikin ruwan da kayan aikinta, ta sa hannu ƙarƙashin hammatar uwarta ta ɗago ta. Ba ta zaci za ta ji ta ba nauyi haka ba. Sai kawai ta fashe da kuka.

"Kin gani ko, Inna? Kin ga abin da nake faɗa miki?"

"Na gani. Na kira, an ɗauka, an zo. Me kuma ake nema a wajen layi?"

"Da gangan fa kika kwanta! A shekarunki!"

"To da so kike sai ranar gaske in gano ba ta ji na?"

Malama ta kifa kai a kafaɗar uwarta. Goggo Halo ta bar ta ta yi kukanta, tana ɗan bubbuga mata baya da jiƙaƙƙen hannu. Da ta ga ya lafa, ta zare jikinta, ta gyara ɗaurin zani, ta dafa bango ta nufi lungu tana ɗingishi.

"Ina kuma za ki, Inna?"

"Kicin. Ban gwada daga can ba. Tunda kina nan, ki tsaya kusa."

Malama ta tsaya tana kallon bayan uwarta, ruwa na ɗiga daga siket ɗinta. Sannan ta share ido da bayan hannu, ta ajiye takalman a bakin ƙofa, ta bi ta.