Irin Accar Ngo Yael

Duk ƙauyenmu da ke bayan Vom an san Ngo Yael da taurin kai. Ni ɗiyar ƙanwarta ce, na sha faɗanta har na ƙoshi. Lokacin da kowa ya koma noman masara da dankalin turawa, ita ta kafe a kan acca. Mijinta, Baba Dachung, yakan tsokane ta wai abincin tsuntsaye take nomawa.

Tun tana amarya, kowace kaka takan riga masu girbi shiga gona, ta tsinke zangarniyar da ta fara nuna, ta ware ta don iri. Haka ta yi har furfura ta cika kanta. A hankali accarta ta zama mai saurin nuna, babu irinta a yankin.

Sai damina ta fara wasa da hankalin mutane. Ruwa ya sauka, a yi shuka, ya ɗauke ƙafa, masara ta bushe a tsaye. Accar Ngo kuwa takan yi lamo ta jira, ruwa na dawowa ta miƙe. Baba Dachung ya daina tsokana. Bara maƙwabta suka sauke girman kai suka zo roƙon iri.

"Ku bari ruwan fari ya sauka," in ji ta. "Kowa zai samu."

Tulun da take adana irin ya fashe da rani, sai ta juye shi a wani tsohon bokitin fenti, ta ajiye a ɗakin girki. Ba ta ga ruwan farin ba. Zazzaɓi ya kwantar da ita a watan Maris, ba ta tashi ba.

Ranar jana'iza mutane suka cika gida, daga Kabong, daga Bukuru, har da waɗanda ba su taɓa gaishe ta ba. Matan zumunta na coci suka karɓi girki. An ci an ƙoshi, kowa yana yabon gwaten accar da suka dafa.

Da ruwan fari ya sauka, maƙwabta suka zo. Baba Dachung ya shiga ɗauko bokitin, ya tarar da shi a wanke, cike da ruwan sha. Aka kira Mama Klaudiya, shugabar zumunta.

"Wayyo, Baba," ta ce, ta dafe ƙirji. "Accar da aka sayo ce ta ƙare, ga baƙi na ta zuwa. Mun ɗauka ta ci ce. Muka surfa muka dafa."

Na so in yi mata ihu, amma me zan ce wa matar da ta wuni a bakin murhu don ta girmama gawar innata? Har yau in na tuna, zuciyata ciwo take.

Baba Dachung ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon gonar da ruwa ya jiƙa.

"Na ci," ya ce a hankali. "Har na ce a ƙaro mini."