Shekara Shida Bayan Malam Ilu: Ajin da Ya Shigo Tsakar Gida

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Malam Ilu, wanda rabin magidantan Matameye suka zauna gabansa a lakwal, wato makarantar boko. Allah Ya jiƙansa. Bana kam da tsoro nake tuna shi.

Ya fara koyarwa ne a zamanin sojojin farko, cikin farin da ya cinye shanun babanmu. Lokacin ko a bakin rijiya mutum sai ya waiwaya kafin ya ce hatsi ya yi tsada. Amma Yaya ya kafa doka a ajinsa: ka yi sallama ka shigo, kada ka katse mai magana, abin da ɗan uwanka ya faɗa a nan kuma amana ne. An ce har wani yaro ya taɓa mayarwa gida, don ya kai tsegumin abokinsa waje.

Yau ga soja, ga fari, sai dai ajin ba shi da bango. 'Yata Rabi tana karatun jinya, malaminsu yana Damagaram, ɗaliban kuma kowa na garinsu, ana haɗuwa a waya. Ita ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida take zama, don nan ne kawai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa.

Ranar Talatar da ta wuce, mai gidana Alhaji Sani ya dawo daga gonarsa ta Tsauni, ya taras gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Wanda ya san Alhaji ya san bakinsa. Tun daga zaure yake faɗa, ya haɗa da masu ɓoye hatsi, ya haɗa da masu kaki, bai rage kowa ba. Rabi kuwa tana cikin aji a waya, ta gama amsa tambaya, ta manta ba ta rufe wurin maganarta ba. Sai na ga ta zabura tana cewa, “Baba, ana jinka!”

Kafin la'asar wani ɗan ajinsu ya yanko muryar, ya maƙala mata hoton dariya, ya tura wa abokai. Wai wasa. Wasan me, don Allah? Magana zarar bunu ce. Washegari maƙwabciyata ta kunna mini muryar mijina a wayarta, ta ce daga garin Kance aka turo mata.

Tun ranar, mota ba ta tsayawa a ƙofar gida ban leƙa ta zaure ba. Ban san ko muryar ta kai kunnen jandarma ba, rashin sanin nan shi ke cin mu. Alhaji ya daina zama majalisa, ya daina zuwa kasuwar Juma'a.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce. Na san da Rabi zai fara, don ba ya raga wa nasa: wanda ya bar ƙofa buɗe shi ya gayyato akuya. Sannan ya juya kan yaron. Ku ɗalibai masu karatu ta waya, bayan kowace murya da kuke ji akwai gida, akwai uwa, akwai tsoho mai jin zafin gonarsa. In ba kai ke magana ba, rufe naka. In ka ji abin da ba don kai aka faɗa ba, bar shi inda ka ji shi.

Ni da na so Rabi ta wanke yaron tas a gaban aji. Ta ƙi. Ta rubuta wa 'yan ajin saƙo, ta fara da sallama, ta ba malaminsu haƙuri, ta roƙi duk mai muryar ya goge don darajar iyayensa. Da ta karanta mini, kawunta na ji. Wasu sun goge, sun ma nemi gafara. Sauran Allah kaɗai Ya sani.

Abin da ya rage mana na Malam Ilu ke nan, ladabin da ya bari a bakin yarinyar. Ko zai isa ya tsare mana Alhaji, ban sani ba.

Jiya da hantsi na ga mai gidan nan, da gemunsa fari, tsaye a bakin zauren da ya gina da hannunsa. Ya daɗe yana kallon wayar da ke cinyar 'yarsa, sannan ya sassauta murya ya ce, “Rabi, in yi magana?”