Hular da Kaka Ya Ƙi Cirewa

Jiya na ga kwarashi a hannun autata, sai tsohuwar kunyata ta tashi zaune.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, dattawan Faskari kowa sai hular kanti. Ni kuwa ina fara koyon saƙa na ce kakana zan yi wa hular sanyi. Ban auna kansa ba. Koren ulu ya ƙare, na ƙarasa da ja. Abu ya fito kamar buhun barkono, wallahi ɗan akuya zai kwana ciki har ya yi juyi.

Ranar Juma'a ya kifa ta har gira, yana ƙamshin turare, zai tafi masallaci. Na riƙe rigarsa ina kuka. "Kaka, don Allah cire, dariya za a yi mani!"

"Amarya," haka yake tsokanata, "mijinki za a yi wa dariya, mi naki ciki?"

Aka kuwa yi. Duk wanda ya tambaya, sai ya faɗi sunana har da na ubana. Na daɗe ban leƙa rijiya ba.

Daga baya da hannuna ya faɗa, na saƙa masa wata mai kyau. Ya ƙi ta, wai waccan ta riga ta san kansa. Tana kansa ya cika.

Allah Ya lulluɓe shi da rahama yadda hular nan ta lulluɓe shi har kunnuwa.