Fom Ɗin da Alhaji Bala Ya Ƙi Sa wa Hannu

Cikin shekarun da na yi a wannan aiki, ranar da ba ta fita raina ita ce Litinin ɗin da Alhaji Bala ya hawo benenmu yana haki.

Ku da kuka zo daga baya, bari in faɗa muku yadda muke a lokacin. Kwamitin 'yan kasuwa ne ya ɗauko kamfaninmu, muka kafa kyamarori a Ƙofar Mata da mashigar Jakara saboda satar babura. Kyamarar tana karanta lambar duk abin hawan da ya wuce, ta ajiye hotonsa da lokacin. Ni ne babba a ɗakin kwamfuta, manaja kaɗai ke samana. Ba a binciken lamba sai an kawo takardar 'yan sanda, mai nema ya cika fom, ya rubuta dalilinsa, ya sa hannu.

Kwanaki kaɗan kafin nan ne wani malamin firamare daga Dukawuya, Malam Habu, ya buga waya a wani shirin rediyo. Tambaya kawai ya yi: wa ke riƙe da bayanan zirga-zirgarmu, kuma sai yaushe za a goge su? Washegari Alhaji Bala, shugaban kwamitin, ya shiga gidan rediyon yana cika baki, wai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron kyamara.

To a Litinin ɗin, Alhajin ya ajiye mini wata 'yar takarda a tebur.

"Sabi'u, lambar babur ɗin malamin nan ce. Fito mini da duk inda ya bi wata uku."

"Ranka ya daɗe, an sace babur ɗin ne?"

"Bakinsa ne ya yi tsawo."

Na ciro fom na miƙa masa da biro. "To Alhaji, rubuta hakan a wajen dalili, ka sa hannu."

Ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. "Sunana? A takarda? Kowa ya zo ya gani?"

Na ce, "Ai wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoron fom."

Bai ko yi mini sallama ba, ya wuce ofishin manaja. Manajan nan, wanda kullum yake mana wa'azin amana a taron safe, shi ya zauna a kujerata ya buga wa Alhaji bayanan babur ɗin a takarda da hannunsa, har da raka Alhaji mota. Ni kuma kafin azahar an mai da ni aikin waje: hawa tsani ina goge gilashin kyamara.

Me suka samu? Makaranta da gida. Sai kuma duk Alhamis bayan la'asar, babur ɗin yakan wuce ta Jakara da wata mace a baya cikin niƙabi. Kwana biyu hoton ya zaga wayoyin kasuwa, ana cewa a tambayi mai yawan tambaya wace ce wannan. Yayarsa ce, yana kai ta wankin ƙoda. Ko maƙwabta ba ta so su san ciwonta ba.

Malam Habu bai ƙara buga waya rediyo ba. Ya taɓa tarar da ni a kan tsani a Ƙofar Mata, na sauko na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ni ban damu da zagin ba, Malam Sabi'u. Ita ce yanzu ta ƙi fita, sai an yi da gaske take yarda a kai ta asibiti."

Kwamitin kuwa ya kira taro kan "'yancin faɗar albarkacin baki", aka sha lemo, aka tafa wa Alhaji.

Saboda haka in babba ya zo muku da lamba a 'yar takarda, ku ba shi fom. Mai neman babur ɗinsa da aka sace zai cika shi a tsaye. Wanda ya fara waige-waige yana tambaya ko dole ne sai ya rubuta sunansa, to farautar mutum ya zo, kuma da hannunku yake so ya kama shi.