Fuskar da Kaka Ta Rufe da Filasta

Lokacin sanyi a gidanmu na unguwar Anbariyya, da an idar da magariba Kaka takan hura gawayi a kasko, ni da yayata Rabi mu matso. Kusa da ita akwai gwangwanin cakulan da take ajiye zare da allura. A murfinsa akwai wani tsohon zane daga ƙasar Italiya, mace a zaune, hannuwanta a kan cinya. Kaka ta manna wa fuskar filasta, don ta ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoton mutum.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," in ji ta, tana ƙwanƙwasa murfin.

Wai wani mai zane ne aka kira ya zana 'yar attajiri. Fuska ya gama ta a yini ɗaya, hannu kuwa ya gagare shi wata uku, don yarinyar ba ta taɓa ɗaukar ko cokali da nufin aiki ba. Duk wanda ya zana sai ya fito kamar ƙullin fulawa. Wata rana ya hango mai dafa musu abinci ta zauna hutawa, sai ya ari hannuwanta. Mutanen gari suka yi ta yabon 'yar attajiri, alhali hannun suke kallo.

"Shufi," Kaka kan ce da Larabci, wato duba. "Ga jijiya, ga yadda babban yatsa ya kwanta. Wannan ya gaji, kuma bai yi ƙorafi ba." Daga nan sai ta kamo hannun Rabi ta ɗora kusa da murfin. "Irin wannan ne."

Ni ce ake cewa kyakkyawar gidan, amma a tatsuniyar nan ba ni da wuri. Wata rana haushi ya cika ni, har na ce, "Kaka, ni fa?"

"Ke ai fuska ce, ya binti, 'yata. Fuskar kuwa mun rufe ta."

Na kwana uku ba na yi wa Rabi magana. Wata safiya na ɓare filastar a ɓoye, don kowa ya ga rabona. Ashe tun tuni an kankare fuskar da ƙusa, ba abin da ya rage sai farin ƙarfe.

Yanzu idan na buɗe littafin zane-zanen wancan zamanin, hannu nake fara dubawa. Sai da na girma na tuna Kaka ta ƙare ƙuruciyarta tana girki a gidajen mutane a unguwar Sultana, baƙi su ci su yabi uwar gida. Labarinta take ba mu, ni kuwa ina can ina neman kaina a ciki.

Rabi ce ta riƙa shafa wa Kaka man zaitun a yatsu har ta rasu. Ta san kowane tabon ƙuna da inda aka same shi. Ni ko ɗaya ba zan iya nunawa ba, kuma har yau ina kishinta.